Mun Yanke Mai Shaida

Da sunan Allah da ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Mutanen kasuwar hatsi ta Kaura Namoda sun san halina: in na ga ɓera ɗaya a rumbu, kafin in iso rumfa ya zama bataliya. Shekara ashirin na yi ina juya wa jirgin ƙasa layi a tashar garin nan. Da jirgin ya koma zuwa sai ya ga dama, na koma awon gero, amma bakina bai yi ritaya ba. Wannan labari na matata ne, Hajara, wadda nake kira Ta-Zurmi, kuma na yi alkawarin ba zan ƙara masa gishiri ba sai inda hannuna ya kuɓuce. Na rubuta shi ne don kar wani ya yi abin da muka yi.

Shekarar da aka soma aiki da Shari'a ne, bayan Sallar layya, bazara ta kai inda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Hajara tana sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli, kowace Alhamis tana kaiwa kasuwar Shinkafi. Lokacin an hana mata hawan kabu-kabu, sai motar mata zalla, ita kuwa abin ya yi mata daɗi, ta ce hirar cikin motar ta fi cinikin riba. Ran nan bayan la'asar sai ga mata biyu sun riƙo ta har tsakar gida. Suka ce tana cikin jera kwalabe ta ce kasuwa tana juyawa, ta zauna, ta yi ta amai. Da suka sake ta don ta taka, sai ta riƙa zamewa hagu kamar amalanken da tayarsa ɗaya ta sace.

Na taɓa ganin shanyewar ɓarin jiki a wurin wani abokin aikina, saboda haka na yi mata gwajina na likitan tasha. Na ce ta ɗaga hannuwa, ta ɗaga. Na ce ta matse yatsana, ta matse har na nemi gafara. Bakinta bai karkace ba, ta san ni, ta san kowa. Na ce wa matan nan su kwantar da hankali, rana ce ta buge ta. Na kira mai kemis na bakin titi, ya yi mata allurar zazzaɓi ya tafi.

Washegari shaƙuwa ta kama ta. Ba irin wadda muka saba ba, wannan ko hutun sallah ba ta yi. Na tuna dabarar da ake yi wa yara, a ɗora musu laifin ƙarya don su firgita ta tsaya. Na ɗaure fuska na ce, "Ta-Zurmi, soyayyen naman layya da na ɓoye cikin kwalla, an ce ke anka gani."

Ta dube ni. Fatar idonta na hagu ta ɗan sauko, kamar mai jin barci da ido ɗaya. Da ta buɗe baki sai na ji muryar wani tsoho da ban sani ba, a dishe, tana fita ta hanci. "Malam, bar wasan ga. Yawuna na kasa haɗewa."

Sai a lokacin na lura da gwangwanin da ta ajiye gefen tabarma tana tofawa. Na ba ta ruwa a moɗa. Ta kurɓa, ya dawo ta hanci, ta yi tari har hawaye.

Ran Asabar mahaifiyarta, Inna Kulu, ta zo daga Zurmi ta ce za ta tafi da ɗiyarta gida. Ku sani, shekara ashirin da huɗu da aurenmu ban taɓa ko tauna goro a gaban Inna ba. Tun daga zaure nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe ta ina kallon ƙasa kamar na yar da allura. Da ta ce za ta tafi da ita, "to" kawai na ce.

Sauran makon nan da mako na biyu a Zurmi muka yi su. Kullum da hantsi ina kan babur, in dawo kafin magariba. Dangi kuwa kowa ya zama likita. Wannan ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Wancan ya ce shawara ce ta hau sama. Wata gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ta, cikin wannan bazara da ake soya ƙwai a kan dutse. Inna ta dafa ruwa ta soma yi mata gashi da tsumma. Tana gasa mata ƙafar dama, Hajara ta ce, "Inna, ruwan ga bai yi zahi ba." Aka ƙara wuta. Da safe ƙafar ta tashi ƙuraje na ƙuna, ita kuwa ba ta ji komai ba. Muka yi ta mamaki, muka ce lallai iska ce.

Abincin kuwa ba ya wucewa. In ta yi cokali biyar, huɗu sun dawo. Mace mai jiki, cikin kwana goma zanenta ya soma zagaye ta sau biyu.

Nan aka kira wanzamin gidansu, dattijo mai natsuwa, shi ya yi wa 'ya'yana duka aski da kaciya. Ya sa ta buɗe baki, ya danne harshe, ya haska da tocila. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira ni.

"Malam Bawa, taho ka gani da idonka."

Na leƙa. Beli, ɗan naman nan da ke reto can cikin maƙogwaro, wanda ake cire wa jarirai, ga shi nan ya bar tsakiya. Da ta ce "aaa" sai ya janye gaba ɗaya zuwa dama, kamar labulen da aka ja gefe.

Inna ta fashe da kuka. Ashe Hajara bakwaini aka haife ta. Ranar suna wanzami ya ce ta cika ƙanƙanta, a bari ta yi ƙwari. Aka bari, damina ta zo, aka yi ƙaura, aka manta. "Shekara arba'in da biyar abin ga na raina," in ji Inna. "Na san wata rana sai ya tashi."

Komai ya zauna daidai a kanmu. Ga maƙogwaro ya toshe, ga murya ta dishe, ga beli a karkace, ga tarihi. Saura izinin miji. Na dubi Hajara, ta ce a hankali, "In ka ce a yi, a yi." Ni kuwa don in ba ta dariya na ce, "Haba, ɗan naman da ko kyanwa ba ta ƙoshi da shi? A cire mu huta." Da hannuna na riƙe mata kai.

Ban ɗora wa wanzamin nan laifi ba, kuma har gobe muna gaisawa. Aikinsa ya yi, cikin ƙiftawar ido, da tsabta. Ya ce a ba ta kunun kanwa mai ɗumi ya wanke wurin. Mutumin da ke haɗiya lafiya, jinin da kunun ciki za su tafi. Ita sai suka bi wata hanya. Ta yi tari har leɓɓanta suka yi baƙi. Bayan kwana biyu jikinta ya yi zafi kamar tukunya, numfashi yana fita da ƙyar, ƙirjinta yana kurkur kamar ana zuba ruwa a tulu.

Ba ta iya zama kan babur, jiri ba zai bar ta ba. Muka samu a-kori-kura da ta sauke albasa, muka shimfiɗa katifa a baya, Inna ta ɗora kanta a cinya, muka nufo asibiti a Kaura. Lokacin sanƙarau da ƙyanda ne, marasa lafiya har ƙarƙashin itatuwa. Na shiga layin kati da hantsi ina matashi, na fito bayan azahar da furfura. Wannan kam na ƙara gishiri, amma kaɗan.

Likitan da ya duba ta ɗan siriri ne, Bakatsine, da ka gan shi ka ce bai karya ba. Ya saurari ƙirjinta ya ɓata fuska. Ya auna jini ya ƙara ɓatawa. Ya ɗauko allura da auduga ya riƙa taɓa ta nan da can yana cewa, "Kin ji tsini? Nan fa?" Kuncin hagu ba ta jin tsini. Hannun dama da ƙafar dama ma haka. Ya ga ƙunar, ya tambaya, muka faɗa. Sannan ya danne harshe da ɗan katako ya haska.

"Wa ya yanke?"

Na ce, "Likita, beli ne ya karkace ya tare mata hanya."

"Ta wane gefe ya karkace?"

"Dama."

Ya ajiye tocilar. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "Baba, belin nan ba shi ya yi laifi ba. Mai ba da shaida ne. Ya nuna muku inda ɓarnar take, kuka kama shi kuka yanke."

Ya juya bayan katin ya yi zane. Ya ce hanyoyin jini huɗu ne ke ciyar da ƙwaƙwalwa, biyu ta gaban wuya, biyu ta baya suna bi ta cikin ƙasusuwan wuya. Na bayan su ke shayar da gindin ƙwaƙwalwa, wani wuri da bai fi babban yatsa ba, can wajen ƙeya. Daga ƙwaƙwalwa jijiyoyi goma sha biyu ke fitowa ta kowane gefe, masu aikin gani da ji da motsin fuska da sauransu. Ta tara da ta goma, su ke da haɗiya da murya. Hawan jini ya daɗe yana cin Hajara ba mu sani ba, ciwon ƙeyar da take sha wa ƙwayar 'yan tireda ashe shi ne. Ran Alhamis ɗin nan wani ɗan reshe na hanyar jinin baya, ta hagu, ya toshe. Sai rabin maƙogwaronta na hagu ya kwanta, rabin dama mai lafiya ya ja belin zuwa wajensa.

Na ce, "Amma likita, hannunta da ƙafarta suna aiki."

Ya ce wayoyin ƙarfin hannu da ƙafa ta wani gefen suke bi, abin bai kai gare su ba. Na jin zafi da sanyi ne suka ratsa ta wurin, shi ya sa ta ƙone ba ta sani ba. Shanyewa ce, irin wadda ba ta kayar da hannu.

Sai ya ce a maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska, kuma duk haɗiya sai an rufe ta iska. Nan na riga shi. Shekara ashirin aikina ke nan: jirgi ya taho, in ban juya layi ba ya faɗa inda bai kamata ba. Na ce, "Wato mai juya layin ne ya kwanta." Ya ce haka ne. Na ce, "Mu kuwa muna ta turo jirage." Ya ce haka ne. Duk kunun da muka ɗura mata da ƙauna, da rubutu, da jiƙe-jiƙe, rabinsu huhu suka tafi.

Aka kwantar da ita. Aka sa mata ruwa da allurai saboda ƙirjin, aka zura mata siririyar roba ta hanci har ciki, ta nan za a riƙa ba ta kunu da madara da magani. Doka ɗaya likita ya kafa: kada komai ya bi ta baki, ko ɗigo. Na tambaye shi ko haɗiyar za ta dawo. Ya ce sau da yawa tana dawowa, wani lokaci ba ta dawowa, ba zai yi mini alkawarin abin da ba hannunsa yake ba. Karsanar Hajara da ke wurin Fulani a makon nan ta tafi kasuwa don kuɗin magani, kuma ba mu yi kewarta ba.

Mako na uku shi ne mai wuya. Ɗakin mata ne, Inna ke jinya, ni sai lokacin ziyara, ko in tsaya ta taga kamar mai tallan rake. Ciki yana samun ruwa ta roba, amma baki bai san da haka ba. Leɓɓanta suka tsage. Ta ga ana wucewa da randa sai ta bi da ido. Masu dubiya kuwa ba mai zuwa hannu sake: wannan fura da nono mai sanyi, wannan rubutu daga malaminsa. Ga alhazai sun fara dawowa, kowa da 'yar jarkar zamzam.

Ran Laraba da la'asar na shigo, na tarar Inna ta tallafo kanta, ƙaramin kofi yana bakin leɓenta. Ban san lokacin da na ƙetare gadaje uku ba. Na riƙe kofin, na riƙe har da hannun Inna.

"Inna, kar ki ba ta."

Inna ta dubi hannuna a kan nata, ta dube ni. "Zamzam ne, Bawa. Ɗiyata na kiran ruwa, ni da na haihe ta, kai ka hana?"

"Inna, ko na Alkausara ne, huhu za shi."

Na ɗaga wa surukata murya a gaban mata ashirin, kuma ban saki kofin ba. Sai ga Sista Rahila, babbar nas ta ɗakin, mace mai faɗi da ba ta gaggawa. Ta karɓi kofin daga hannunmu duka biyu. Ta ce, "Inna, zamzam ɗin ciki kike so ya je ko?" Ta zuƙe shi a sirinji, ta ce Inna ta yi bisimilla, ta ɗora babban yatsan Inna a kan sirinjin, suka tura shi tare ta robar. Ta jiƙa auduga da sauran, ta matse, ta nuna mata yadda za ta shafa a leɓe da harshe. Ta ce rubutu ma in an tace a kawo, hanyar ɗaya ce.

Daga ran nan Inna ta zama soja. Wata ƙanwar mijinta ta zo da fura daga Zurmi, Inna ta tare ta tun daga ƙofa: "Aje nan. Mai jinya ka sha, ba marar lahiya ba." Sai da Inna ta yi ƙiba a asibitin nan.

Amma a ranar, da na fito, ta biyo ni gindin dogon yaro. Na durƙusa zan ba da haƙuri, ta ce in zauna. Ta zauna ita ma, a benci ɗaya da ni. Ta ce, "Ni na kira wanzam." Na ce, "Ni na riƙe kanta." Muka zauna muna kallon awakin asibiti. Can ta kwance bakin zane ta ɓara goro, ta miƙo mini rabi. Na riƙe shi ina jiran ta tashi. Ta ce, "Ci, Bawa. Kunyar mi ta rage?" Na ci. Goron ɗaci gare shi, na ce mata ban taɓa cin mai daɗinsa ba, kuma wannan karon ba ƙari na yi ba.

A mako na huɗu zazzaɓin ya sauka, ƙirji ya washe. Shaƙuwar ma ta tafi ba sallama. Hajara ta soma takawa tana dafa bango. Na ce mata da robar nan a hanci ta yi kama da giwar sarki, ta ɗauki maficin Inna ta jefe ni, kuma ta same ni. Likita ya ce wannan alama ce mai kyau.

Mako na shida aka ce za a gwada. Ni na ɗauka da ruwa za a fara. Sista ta ce ruwa ne mafi haɗari, don ya fi kowa gudu, sai abu mai kauri da ke tafiya a hankali. Aka dama kunun gyaɗa kamar za a yi gini da shi. Ta zaunar da Hajara tsaye kyam, ta ce ta juya fuska hagu, wajen da ya kwanta, ta sunkuyar da haɓa, don hanyar hagu ta matse abincin ya bi ta dama. Gwajin farko ya dawo da tari. Aka bari kwana huɗu, tana ta koyon haɗiyar yawu da wannan juyin. Kwana huɗun nan ko almara ɗaya ban yi a kasuwa ba, har aka riƙa tambaya ko ni ne marar lafiyar.

Ran Litinin aka sake. Sista ta ba Inna cokali. Inna ta dube shi, ta dubi ɗiyarta, sai ta miƙo mini. Rabin ƙaramin cokali. Na sa mata a baki. Ta juya hagu, ta sunkuya. Sista ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronta. Na ga wurin ya yi sama, ya tsaya, ya sauko.

Muka jira tari. Bai zo ba.

"Ki ce aaa."

Ta ce. Muryar a dishe, amma a bushe, babu kurkur. Inna ta zame ƙasa ta yi sujada a kan simintin nan. Ni kuwa, da aka san ni da magana tun daga Kaura har Shinkafi, na tsaya riƙe da cokali, Hajara ce ta taɓo gwiwata ta nuna kwanon.

An cire robar a mako na takwas. Yau shekara biyu ke nan. Muryarta ba ta koma yadda take ba. Gefen dama har yanzu ba ya bambance zafi da sanyi, da hannun hagu take taɓa ruwan wanka, suyar ƙuliƙuli kuwa ta bar wa ƙanwarta, ita tana tsare ciniki. Maganin hawan jini kullum, ko ranar Sallah. Allah ya saka wa likitan nan da Sista Rahila da alheri, ya ƙara wa Inna lafiya.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. In babba ya tashi rana ɗaya da jiri da amai, yana zamewa gefe, murya ta dishe, shaƙuwa ta ƙi tsayawa, ruwa yana dawowa ta hanci, kar ka tsaya gwada ƙarfin hannunsa kamar yadda na yi. Kar a ɗura masa komai, kar a kai aska bakinsa. A nemi mota a ranar. Kuma wanda ya haura arba'in ya je a auna jininsa ko lafiyarsa ƙalau.

Har yanzu Hajara ba ta haɗiya sai ta juya hagu ta sunkuya, kuma likita ya ce kar ta riƙa ci ita kaɗai. Da can ni a zaure nake ci da maƙwabta, kamar kowane magidanci. Yanzu ina ɗaukar kwanona in shiga ciki. Abokaina na rumfa sun sa ni gaba, sun ce Bawa ya koma cin tuwo da mata, saura ɗaurin ɗankwali. Na ce su faɗi abin da suka ga dama. A hagunta nake shimfiɗa buzuna. Tuwonta loma talatin ne, na ƙirga, kuma duk loma sai ta juyo ta dube ni.